Muryar Da Aka Ara Wa Dodo

Shafi na 19

Na ga saƙonnin masu cewa labarin ya yi nauyi, na kuma ga na masu cewa na cika jan rai. Duka na karɓa. Mu ɗora daga inda muka tsaya.

*

Har gari ya waye Injiniya bai runtsa ba. Ba zafi ne ya hana shi barci ba, ba kuma sauro ba. Wani ɗan sauti ne da bai fi tsawon numfashi ɗaya ba ya maƙale masa a kunne, ya juya dama yana nan, ya juya hagu yana nan.

Sautin kuwa ba baƙonsa ba ne. Yana cikin tallan da kamfaninsu ya saki kwanan nan na wani fim ɗin ban tsoro da ke shirin fitowa, fim na farko da aka damƙa masa haɗa sautinsa gaba ɗaya tun da ya baro jami'a. Labarin wata halitta ce da ke zaune a cikin silin ɗin wani gidan haya. Ba a nuna fuskarta ko sau ɗaya, kukanta kawai ake ji, har mutanen gari suka raɗa mata suna Na-Silin.

Lokacin da aka sa kukan a fim ɗin Injiniya ba ya nan. Yana asibiti wajen mahaifinsa da aka sake mayarwa can na 'yan kwanaki, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya daɗe da kwantarwa a gida, ya kuma ɗauke masa magana. Da ya dawo aiki ya tarar Darakta ya riga ya ɗora kukan, ya ja shi ya yi tsawo, ya ƙara masa kauri. Ya tambaye shi inda ya samo, Darakta ya ce, "A tarin sautukanka na tsinta." Tarin nasa kuwa ba ya ƙidayuwa: ƙarar ƙofofi, haushin karnuka, ruwan sama a kan kwano, tsohon injin niƙa. Bai ƙara tambaya ba. Da hannunsa ya goge kukan, ya zuba masa amsa-kuwwa, har ya yi alfahari da shi.

Sai jiya, zai wuce ta ƙofar ɗakin Baba, ya ji tsohon ya yi wani nishi daga ciki. A ƙarshen nishin akwai wata 'yar karyewa, kamar murya ta taka matakala ta zame. Injiniya ya tsaya cak da kofin ruwa a hannu. Ya san wannan karyewar. Ya sha ƙara mata ƙarfi a kwamfuta.

Ko shayi bai sha ba ya fita. A bakin layi mai shagon cajin waya ya saki tallan a lasifika, 'yan makaranta sun yi cirko-cirko da jakunkunansu suna jiran wurin. Da kukan ya zo suka amsa gaba ɗaya, baki a wangame, sannan suka watse suna dariya. Sun iya. Ko karyewar ƙarshen ba su bari ba.

Situdiyon ƙaramin ɗaki ne a saman wani shagon ɗinki, bangonsa manne da soso da kwalin ƙwai don kada ƙarar kekunan ɗinki ta shigo. Injiniya ya kunna kwamfuta, ya ɗora hedifon a kai, ya buɗe aikin. Ya daɗe yana kallon layin kukan a allo, baƙi, mai ƙaya-ƙaya, kafin ya iya taɓa shi.

Ya fara cire amsa-kuwwar. Kukan ya fito daga silin ya dawo cikin ɗaki.

Ya rage masa kaurin da aka ƙara. Ya daina kama da dabba.

Ya mayar da shi ainihin saurinsa, ya kuma buɗe gefen da aka datse.

Ga fanka tana juyawa, tana yin ƙyas-ƙyas ɗin nan nata a kowane zagaye, fankar da ya yi ta alkawarin zai gyara. Ga cokali yana kaɗawa a kofi daga nesa. Ga nishin. Bayansa kuma takun silifa da sauri, da muryar mace tana cewa, "Sann—"

A nan aka yanke.

Sai a lokacin ya tuna. Likitar da ke koya wa Baba magana ce ta ce a riƙa ɗaukar muryarsa in yana gwada kalmomi, don ta ji ko ana samun ci gaba. Wata safiya ya ajiye na'urar ɗaukar murya a gefen gado, aka kira shi a waya, ya fita ya bar ta a kunne. Daga baya ya kwafe abin a kwamfutar situdiyo don ya rage ƙarar fankar kafin ya tura mata. Bai taɓa saurarensa har ƙarshe ba.

Ƙofa ta buɗe. Darakta ne, da kofin shayi a hannu ɗaya da mukullin mota a ɗayan. Ya girmi Injiniya da 'yan shekaru, tun a jami'a suke tare, shi ne kuma ya jawo shi wannan aikin.

"Ikon Allah! Yau kai ka riga ni? Ko Na-Silin ne ya koro ka daga gida?"

Injiniya ya cire hedifon ya miƙa masa.

"Zo ka ji wani abu."

Darakta ya ajiye kofin ya saurara. Murmushinsa ya tsaya a fuska na ɗan lokaci, kamar ya rasa inda zai tafi.

"Wane ne wannan?"

"Mahaifina."

"Wane mahaifin?"

"Guda nawa gare ni?"

Darakta ya zauna a kan akwatin kayan aiki. "Innalillahi. Wallahi, Injiniya, wallahi na ɗauka rago ne. Na ce ko a kasuwar dabbobi ka ɗauko."

"Akwai muryar mace a ƙarshe. Kai ka datse ta."

"Na ɗauka mai ragon ce."

Ba wanda ya yi dariya. Daga ƙasa kekunan ɗinki suka fara aiki, girgizarsu na hawowa ta ƙafar kujera.

"A cire shi," in ji Injiniya.

"A cire shi daga ina?"

"Daga fim ɗin. Daga tallan. Daga ko'ina."

"Tsaya, mutumina, mu bi abin a hankali." Darakta ya murza goshinsa. "Na ji ciwon abin, Allah ya sani. Amma ka san me ya kashe finafinaina na baya? Kukan roba. Mu tsayar da ɗan wasa gaban makirfo yana wuuu-wuuu, yara su kalla suna ƙyalƙyala dariya. Wannan karon ne kawai na ga ƙato da gemu ya kalli tallana ya ɗaga kai ya duba silin ɗinsa. Mutum ba dodo yake tsoro ba, ya san babu dodo a gidansa. Abin da ke kaɗa masa hanji shi ne ya ji abu mai kama da mutum, amma mutum ɗin ya fice daga ciki."

"Bai fice ba." Muryar Injiniya ta yi ƙasa. "Yana ciki. Duk abin da ake faɗa yana ji."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa."

"To ai ba ma maganata ba ce, taka ce. Ka manta? A ɗakin kwanan ɗalibai, wa ke hawa kan gado yana mana lacca har a kashe wuta? Kai ne ka ce fim ɗin soyayya ƙarya yake shararawa, na barkwanci rufe ido yake yi, na ban tsoro ne kaɗai ke gaya wa mutum gaskiya, cewa jikin nan da yake taƙama da shi wata rana zai juya masa baya. Har rubutun kammala karatunka a kan haka ka yi. Mu muna ce maka mai aljanu, kai kana ce mana matsorata."

Injiniya bai musa ba. Ya faɗa, ya kuma yarda da abin da ya faɗa a lokacin. Har yanzu ma da za a matsa masa ba zai iya cewa ƙarya ba ce. Abin da bai sani ba a wancan lokacin shi ne gaskiyar da yake yabo tana da mai ita, tana da gado da fanka da matar da ke zuwa da gudu.

"A ce na yarda," Darakta ya ci gaba. "A ce na je na yi rigima da tashar da ta karɓi fim ɗin, waɗanda kukan nan ne ma ya sa suka karɓa. A ce na ci nasara. Tallan fa?"

Ya zaro waya ya juyo masa da ita, yana turawa da yatsa. Ga wasu 'yan mata a ɗakin kwana suna gasar kukan. Ga direban babbar mota yana yi ta taga. Ga wata uwa tana tsorata ɗanta da shi don ya ci abinci.

"Har wani mai sayar da katifa ya sa a tallansa. Wai in ba ka sayi tasa ba, haka bayanka zai riƙa kuka da safe. Ka gaya mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa in ce a dawo mini da shi."

Injiniya ya kawar da kai.

"Ba wanda zai gane," in ji Darakta a hankali. "Kai kanka da ka haife... da ya haife ka, kai da kunnenka ya fi na kowa, sai yau ka gane. Amma ga makirfo can. Ka ba ni wanda ya kai shi, ko da bai fi shi ba, ni da kaina zan canja na cikin fim ɗin. Na yi maka wannan alkawarin."

Injiniya ya tashi ya shiga ɗan akurkin ɗaukar murya, ya ja labulen bargo. Ya tsaya gaban makirfo. Ya san yadda sautin yake, ya san inda yake tashi da inda yake karyewa. Abin da ya rage kawai ya karkatar da bakinsa gefe ɗaya, ya saki harshensa ya yi nauyi, ya kwaikwayi mahaifinsa.

Ya buɗe baki. Abin da ya fito wani siririn abu ne maras kai, irin na mai wasa da yara.

Ya sake gwadawa. Wannan karon ya karkatar da bakin. Yana jin leɓensa ya zame gefe sai ya rufe bakin, ya ja da baya daga makirfon.

Da ya fito, Darakta na kallon shayinsa da ya huce. Bai tambaye shi yadda aka yi ba, kuma wannan ce kaɗai alfarmar da ya iya yi masa a ranar.

*

Da rana ya koma gida. Tun daga ƙofa ya jiyo musu a falo. Yaya Nas ce, babbar yayarsu, ma'aikaciyar jinya, wadda ke biyowa daga aiki ta auna jinin Baba kafin ta wuce gidanta. Abokiyar musun kuwa Auta ce, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ta miƙe a doguwar kujera da matashi a ƙirji.

"Yauwa, ga mai gayya ya dawo," in ji Yaya Nas tana naɗe abin awon jini. "Kai ne ka lalata yarinyar nan da finafinan tsoro. Jiya ta kira ni wai in tsaya a waya har ta je banɗaki ta dawo."

"Sau ɗaya ne fa, Yaya!"

"Ni abin ne ban gane ba. In wuni ina ganin jini da ciwo a wurin aiki, in dawo gida kuma in kunna allo a nuna mini wani? Wanda bai taɓa wanke gyambo ba shi ke neman abin tsoro da kansa. Ƙoshi ne kawai."

"Ba ƙoshi ba ne," in ji Auta. "Shi tsoron fim daɗinsa yana ƙarewa. Ki ji kamar za ki mutu, sai ki danna ki kashe, ki ga ashe kina kan kujera lafiya lau. Ko ba haka ba, Yaya Injiniya? Gaya mata. Kai da ka yi digiri a kan dodanni."

"Digiri a kan dodanni," Yaya Nas ta maimaita. "Mutane na tura 'ya'yansu su karanto gina gada, mu namu ya karanto yadda ƙofa ke kuka."

Da wata rana ce da ya zauna ya rama, ya kawo mata hujjoji har ta gaji ta jefe shi da matashi. Yau ya tsaya a bakin ƙofa yana neman yadda zai fara.

Bai samu ya fara ba. Wayar Auta ta yi ƙara a kan tebur.

Ba waƙa ba ce. Kukan Na-Silin ne, mai kauri, mai amsa-kuwwa, ya cika falon.

Wani abu ya faɗi a kicin. Umma ta fito da sauri, hannuwanta jiƙe, ba ta kalli kowa ba. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko robar wanka da zanin gadon da take ajiyewa a ninke a wurin, ta nufi ɗakin Baba tana cewa, "Ga ni nan, Malam. Ga ni, ga ni."

Auta ta yi dariya. "Umma, wayata ce fa!"

Umma ta riga ta shige.

Yaya Nas ta daina naɗe abin awon. Ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi wayar, sannan ta dubi Injiniya. Bai iya ɗaga ido ba.

Umma ta fito a hankali, ta jawo ƙofar. Robar na hannunta har yanzu.

"Barci yake yi," ta ce. "A bushe yake. To wa ya kira ni?"

Wayar ta sake ɗaukar kuka. Auta ta kai hannu za ta kashe, Umma ta ce, "Bar shi." Suka tsaya su huɗu suna saurare har ya kai wurin karyewar nan ya yanke.

"Me ya kai Malam cikin wayarki?"

"Umma, ba Baba ba ne. Dodon fim ɗin su Yaya ne. Kowa ma ya sa a..." Maganar ta mutu a bakinta.

Injiniya ya durƙusa a inda yake. Ya faɗi yadda aka yi, tun daga na'urar da ya bari a kunne har zuwa abin da ya ji da safe. Bai ɗora wa Darakta ba, bai kuma kare kansa ba. Yana magana yana kallon ɗigon ruwan da ke sauka daga gwiwar hannun Umma zuwa kan tabarma.

Umma ta zauna a hannun kujera, ta ɗora robar a cinya.

"Ku ba ku san kukansa ba," ta ce. "Na ciwo daban. Na ƙishirwa daban. In yana so a juya shi, shi ma daban. Wannan da kuka ji, shi ne wanda yake yi in abin ya kufce masa kafin in iso, ya ɓata shimfiɗa. A hankali yake yinsa, yana danne shi, don kada ku 'ya'yansa ku ji. Ni kaɗai yake kira."

Auta ta cusa fuska a matashi.

"Kai!" Yaya Nas ta miƙe tsaye. "Kai, wane irin mutum ne kai? Duk kunnen nan da ake yabo, ka zauna kana goge kunyar ubanka kana ƙara mata ƙarfi?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ka sani ba! To yanzu ka sani. Tashi ka je ka sa a cire."

"Na je. Ko an cire daga fim ɗin, tallan ya riga ya bazu."

"A goge!"

"A wayar wa?"

Yaya Nas ta koma ta zauna. Auta ta ɗago da jajayen idanu tana danne-danne a waya. "Na cire nawa. Amma duk 'yan ajinmu sun sa. Har malamin lissafi."

Umma na shafa bakin robar da babban yatsa. "Shi wannan abin, mutane kallonsa suke don nishaɗi?"

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Tambaya nake. Daɗi suke ji?"

"Tsoro suke ji, Umma," in ji Auta.

"Tsoro." Umma ta gyaɗa kai. "Ni ma ranar farko na ji tsoro. Sai na ga ba wanda zai zo in ban zo ba."

Ta miƙe, ta mayar da zanin gadon inda yake a bayan ƙofa, ta gyara masa ninki. Da ta juyo muryarta ta koma irin ta kullum, ta mai raba aiki.

"Ba zai sani ba. Kun ji ni? Ke Nas, rufe tagarsa ta wajen titi. Ke Auta, kada in ƙara jin waya ta yi ƙara a gidan nan. Zaman ƙofar gida da yamma kuma an daina."

"Umma," in ji Injiniya, "shi ke nan fa abin da ya rage masa. Tun azahar yake fara kallon keken da ake tura shi a kai."

"Na sani. Ni nake ɗora shi." Ta dube shi a karo na farko tun da ya fara magana. "Kana so ya zauna a ƙofar gidansa yaran unguwa su wuce suna yi masa wannan a fuska? Su ba su san nasa ba ne. Shi zai sani."

"Har yaushe za mu rufe shi?"

"Har su manta."

"Fim ɗin ma bai fito ba tukuna, Umma."

Umma ta juya. Ta koma kicin, suka ji tana tsince abin da ya faɗi.

*

Da la'asar ta yi, Yaya Nas ta tafi ba tare da ta yi masa sallama ba. Auta ta kulle kanta a ɗaki. Injiniya na zaune a falo ya ji Umma a ɗakin Baba tana magana da muryar lallashi.

"Yau akwai iska, Malam. A bari sai gobe. Ka ji? Gobe in Allah ya kai mu."

Babu ko ganye da ke motsi a waje.

Ta fito ta yi alwala, ta shiga ɗakinta. Ya jira har ya ji ta tayar da salla, sannan ya tashi ya shiga wajen Baba, ya mayar da ƙofar a hankali.

Ɗakin ya yi duhu da tagar a rufe. Baba na jingine da matasai, hannunsa na hagu kwance a cinya kamar na wani, na daman kuma yana kan bargo. Idonsa na kan keken marasa lafiya da aka naɗe aka jingine a bango.

Tsohon tafintan kotu ne. Ya yi rayuwarsa a tsaye tsakanin alƙali da mutumin da ba ya jin harshen da ake masa shari'a da shi, kuma babu abin da ya tsana kamar a yanke wa mutum hukunci yana zaune yana kallon bakunan mutane. Yau a falon gidansa aka yanke nasa, yana barci.

Injiniya ya durƙusa a gaban gadon.

"Baba, na zo da magana. Umma ta ce kada a faɗa maka. Ina ganin tana da gaskiya, amma na kasa."

Idon ya bar keken ya dawo kansa.

Ya faɗa masa duka, a hankali, kalma bayan kalma, yadda likita ta ce a riƙa yi masa magana. Bai sassauta komai ba, har wace safiya ce, har wane kuka ne. Sannan ya zaro waya, ya rage mata murya, ya riƙe ta daidai fuskarsa.

A allon wata mata ta shigo ɗaki da fitila, ta ɗaga kai tana kallon silin. Shiru. Sai kukan.

Yatsun hannun daman Baba suka damƙe bargon.

Tallan ya ƙare, allon ya yi baƙi. Ruwa na gangarowa daga idonsa na hagu, amma idon nan dama kullum cikin zuba yake tun da ciwon ya same shi, ba a iya karanta komai a cikinsa. Rabin fuskar da ke motsi ma ba ta motsa ba.

"Baba, ka yafe mini. Na rasa yadda zan dawo da shi."

Daga bayan tagar aka jiyo hayaniyar yara sun taso daga makarantar yamma. Can wani ya fara, sauran suka amsa, har karyewar ƙarshen, sai dariya.

Baba ya saki bargon. Hannun ya tashi, ya nuna keken. Sannan ya karkata ya nuna ƙofa.

"Baba, ka gane abin da na faɗa? Suna waje yanzu haka. A gabanka za su yi."

Hannun bai sauka ba.

Injiniya ya dubi fuskar yana neman alama. Fushi ne? Yana so ya je ya gani da idonsa ne? Ko kuwa duk maganar ta wuce shi, lokacin zaman ƙofa ne kawai ya yi kamar kullum? Umma ce ke iya rarrabe irin wannan, ita kuma ta riga ta faɗi nata.

Ya mayar da wayar aljihu. Ya buɗe keken, ya shimfiɗa ɗan bargon zama. Ya sa hannu ɗaya a bayan Baba, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗaga shi. Bai san tsohon ya yi rashin nauyi haka ba. Ya zaunar da shi, ya ɗora masa hannun hagun a cinya, ya sa masa silifa, ya goge masa gefen baki, ya gyara masa wuyan riga.

Ya zagaya baya, ya sunkuya ya zare birkin keken.

Sai ya ji takun silifar Umma, aka murɗa hannun ƙofar daga waje.